Yaya ake miƙar da silaid a PowerPoint ya koma a tsaye?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema. Ina da silaid da na haɗa a PowerPoint, duk a kwance suke kamar yadda yake zuwa in ka buɗe sabo, yanzu kuma an ce in tura wa mutane su karanta a waya, to kun san a waya abu in a kwance yake sai ya koma ɗan mitsitsi a tsakiya, sai mutum ya juya waya ko ya yi ta jan allo da yatsu kafin ya ga rubutu. So nake in miƙar da su su tsaya kamar takarda. Na duba Layout na duba View ban ga komai ba, ko dai ba ya yi ne?

Bashir: Wa alaikumus salam, yana yi mana. Ki shiga Design, ki duba can ƙarshen hannun dama za ki ga Slide Size, ki danna, sai ki zaɓi Custom Slide Size. Wani ɗan akwati zai fito, a gefen dama akwai Orientation, ƙarƙashin Slides ki danna Portrait ki yi OK. Shi ke nan.

Bashir: Ki lura dai, Portrait biyu ne a wurin. Na sama na silaid ne, na ƙasa na Notes da Handouts ne, da yawa na ƙasan suke dannawa su dawo suna cewa bai yi ba.

Malam Sani: Kafin ki taɓa komai ki yi Save As ki ajiye kwafi da wani suna. Ban ce ki yi bayan kin gama ba, yanzu.

Hauwa'u: To Malam na yi. Yaya Bashir na danna OK ɗin amma ya sake jefo min tambaya, wai Maximize ko Ensure Fit, wanne zan ɗauka?

Bashir: Ensure Fit.

Nura: Ensure Fit ɗin dai, amma a gaya mata gaskiyar abin da za ta gani kada ta ɗauka ta ɓata. Silaid ɗin da PowerPoint yake bayarwa tun daga na 2013 zuwa yau 16:9 ne, faɗinsa santimita 33.87 tsayinsa 19.05. In kika miƙar da shi lambobin ne kawai za su yi musaya, faɗi ya koma 19.05 tsayi ya koma 33.87. To duk abin da kika shimfiɗa a faɗin 33.87 yanzu dole ya matsu ya shiga 19.05, Ensure Fit zai ƙanƙanta komai zuwa kusan kashi 56 cikin 100 don ya shiga, ma'ana rubutun da kika sa a lamba 32 zai dawo wajen 18, hotuna ma haka, kuma duk za su taru a tsakiya su bar miki fili fetal a sama da ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na shafin kawai za su ci. Maximize kuma akasin haka ne, zai bar su manya su cika tsayin, amma gefe da gefe su fice daga shafin, rabin hoto a ciki rabi a waje.

Nura: Duk wanda kika ɗauka sai kin zauna kin sake jera kayan da hannu, babu maɓallin da zai yi miki wannan. Ensure Fit ya fi ne kawai saboda komai yana gabanki kina gani.

Hauwa'u: Wallahi haka ya yi kuwa, duk sun dunƙule a tsakiya kamar an wanke riga ta tsuke 😩 kuma tambarin da ke kusurwa ya miƙe ya yi tsawo, na danna shi ma ya ƙi dannuwa.

Zainab: Wannan ba a kan silaid ɗin yake ba shi ya sa, yana cikin Slide Master, wato tsarin da duk silaid ɗin suke bi. Ki je View, Slide Master, ki hau na farko babba can sama a jerin hagu, a nan za ki iya taɓa shi. Ki danna hoton ki je Picture Format, wajen Reset Picture akwai 'yar kibiya, ki ɗauki Reset Picture & Size zai dawo da siffarsa ta asali, sai ki rage girman ta kusurwa, kar ki ja ta gefe. In hoton bango ne ya miƙe gara ki cire ki sa wani wanda dama a tsaye aka ɗauka ko ki bar launi kawai.

Zainab: Tunda ma kin shiga wurin, ki gyara akwatin kanun magana da na rubutu a can gaba ɗaya, ki ja su su cika sabon shafin, duk silaid ɗin da ke bin wannan tsarin za su bi. Ya fi ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Auwal: Ni fa ban gane wahalar nan da kuke sha ba. Abu za a karanta a tsaye kamar takarda, to me ya hana a buɗe Word? Shi dama a tsaye yake zuwa. PowerPoint an yi shi ne don a haska a bango mutum yana tsaye yana bayani, kun ɗauko shi kuna tilasta masa aikin da ba nasa ba.

Zainab: Haba Auwal, ka taɓa ƙoƙarin jan hoto a Word ka ajiye shi daidai inda kake so? Ka matsar da shi kaɗan rubutu ya watse, shafi biyu ya koma uku. A PowerPoint inda ka ajiye abu nan zai zauna. Kuma ita ta riga ta gama aikinta a can, ka ce ta kwashe ta koma Word?

Auwal: Ai akwai Wrap Text, ka sa In Front of Text hoto ya tafi inda ka ga dama. Rashin sani ne kawai.

Zainab: Na san da shi sarai. Ka yi haka da hoto takwas da kibiyoyi da akwatuna a shafi ɗaya ka zo mu yi magana.

Malam Sani: Ku biyun kowa da gaskiyarsa. In rubutu ne mai yawa da zai kwarara daga shafi zuwa shafi, Word. In kowane shafi zaman kansa yake yi, hoto da 'yar magana, PowerPoint. Kuma Auwal, cewa ba a yi shi don tsaye ba ban yarda ba. Lokacin da ya fara fitowa a 1987, a kwamfutar Macintosh ma ya fito, aikinsa shi ne a tsara shafi a buga a kan farar leda mai haske a ɗora a majigin da ke haska ta bango, kuma ledar nan girman takarda ce, da yawa a tsaye ake ɗora ta. Kwanciyar nan daga baya ta zama doka, da aka koma haɗa kwamfuta da majigi kai tsaye, allon ya zama 4:3, daga baya 16:9 irin na talabijin.

Auwal: To Malam, na ji wannan. Amma har yanzu ina kan bakana, in bayanin ya wuce layi goma a shafi Word ne wurinsa.

Nura: Ni tambayar da ya kamata a fara yi mata tun farko ita ce, a ina za a ga abin? Don "a tsaye" ba iri ɗaya ba ne. In waya ce zalla, 9:16 ɗin da ya ba ki yanzu ya yi daidai, zai cika allon. In kuma akwai yiwuwar wani ya buga a takarda to 9:16 ya yi siriri da yawa, a A4 zai bar fari a dama da hagu, gara tun yanzu ki sa girman A4, faɗi 21 tsayi 29.7. A4 a waya yana karantuwa lafiya lau, ɗan fili kawai zai bari sama da ƙasa. Kada ki gama jera komai a 9:16 sannan a ce a buga, ki sake sabon aiki.

Hauwa'u: Akwai waɗanda za su buga kam. To in ɗauki A4 Paper da na gani a jerin?

Nura: A'a kar ki ɗauki wannan! Wannan tarko ne. Sunansa A4 amma in kika zaɓa ki dubi lambobin da zai cike, 27.5 da 19.05 za ki gani, ya rage ne don ya bar gefen da firinta ba ta iya bugawa, kuma siffar ma ba daidai take da ta takardar ba. Ki share ki rubuta da hannunki, Width 21 cm, Height 29.7 cm. In naki inci yake nunawa ki rubuta lambar ki bi ta da cm, shi zai juya da kansa.

Bashir: Wannan na A4 ɗin ni ma yau na ji, na je na duba haka ne kuwa.

Ibrahim: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana kai. Ni silaid ɗaya tak nake so ya tsaya, wani dogon jadawali ne da ba ya shiga a kwance, sauran duk su zauna yadda suke. In na canza sai duka su juya. Ina ake zaɓar guda ɗaya?

Bashir: Babu. Fayil ɗaya girma ɗaya, haka aka gina shi.

Ibrahim: Kai haba, a Word ai ina yi, in sa Section Break shafi ɗaya ya kwanta sauran su tsaya.

Bashir: Word ne wannan. A PowerPoint girman na fayil ɗin ne gaba ɗaya, Google Slides ma haka.

Auwal: Kun ji ko 😂

Nura: Akwai dabarar da Microsoft da kansu suke bayarwa, fayil biyu za ka yi, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ka ajiye su a folda ɗaya. A na kwancen ka zaɓi wani rubutu ko hoto ka je Insert, Action, Hyperlink to, Other PowerPoint Presentation, ka nuna masa ɗayan. In kana gabatarwa ka danna wurin sai na tsayen ya buɗe, ka gama ka danna Esc ka dawo inda kake. Amma in za ka kwashe a filashi ka ɗauki foldar gaba ɗaya, in ka ɗauki fayil ɗaya mahaɗin ya mutu a gaban jama'a.

Nura: Sai dai Ibrahim tsakani da Allah wannan ba zai magance maka komai ba in a majigi za ka nuna. Majigin ai bai juya ba, yana nan a kwance. Ka ɗauka allon 1920 ne a faɗi 1080 a tsayi, silaid ɗinka na tsaye iyakar tsayin da zai samu 1080 ɗin nan ne dai, faɗinsa kuma in 9:16 ne wajen 608 kawai, sauran duk baƙi ne dama da hagu. Tsayin da kake nema ba ka ƙara ko ɗigo ba, faɗi kawai ka yi asara. Da ka sa jadawalin a silaid na kwance ka rage shi ya shiga, girman da za a gani ɗaya ne.

Ibrahim: Ikon Allah. Wato duk wahalar banza ce.

Nura: In majigi ne, eh. Ka raba jadawalin gida biyu ko uku, kowane silaid ka maimaita layin kanun a sama, na baya ma su iya karantawa. Ko ka ciro layukan da za ka yi magana a kansu kawai ka nuna, cikakken ka raba a takarda.

Zainab: In kuma turawa za ka yi ba nunawa ba, PDF ba ruwansa, yana ɗaukar shafi a kwance da a tsaye a fayil ɗaya. Ka fitar da kowanne PDF daban ka haɗe su.

Ibrahim: Nunawa ne. Zan raba shi kawai.

Maryam: Ni Google Slides nake amfani da shi, babu Design ɗin ma balle Portrait, ya ake yi a nan?

Bashir: File, can ƙasa Page setup, za ki ga Widescreen 16:9, danna shi ki zaɓi Custom. Babu maɓallin tsaye ko kwance a nasu, lambobi za ki rubuta, na farko faɗi na biyu tsayi, ki tabbata na farkon ya fi ƙanƙanta. Ki canza ma'aunin zuwa santimita ki sa 21 da 29.7, ko in na waya kike so ki juya nasu na asali, 10 da 5.625 na inci ya koma 5.625 da 10. Shi ba zai ma tambaye ki Maximize ko wani abu ba, zai matse kayan yadda ya ga dama.

Maryam: A waya nake fa, ban ga File ba.

Bashir: Na duba a manhajar wayata ni ma ban ga Page setup ba. Ki samu kwamfuta ki canza sau ɗaya, bayan nan kina iya ci gaba da aikin a waya girman zai zauna. Ko ki buɗe a burauza ki sa Desktop site, yana yi amma sai kin yi haƙuri da ƙananan maɓallai.

Malam Sani: Masu tsohon Office, na 2007 da 2010, naku ya ma fi sauƙi, a Design akwai Slide Orientation a fili. Sai dai shi ba ya tambaya, kuma hotuna yakan ja su su miƙe, fuskar mutum ta yi tsawo, sai an bi an gyara. Masu LibreOffice Impress kuma Slide, Slide Properties, nan Orientation yake.

Auwal: To masu fosta fa? Na ga ɗalibai suna haɗa fostar bincike a PowerPoint, wannan kam na yarda Word ba zai iya ba.

Nura: Alhamdulillah yau Auwal ya sallama abu ɗaya 😄 Hanya ɗaya ce, Custom Slide Size ka rubuta girman. A1 faɗi 59.4 tsayi 84.1, A0 kuma 84.1 da 118.9. PowerPoint ba ya wuce inci 56 a kowane gefe, wato santimita 142 da ɗan ɗoriya, A0 ya shiga. Daɗin takardun A shi ne duk siffarsu ɗaya, ka raba A0 gida biyu ka samu A1, haka har A4, don haka abin da ka tsara a A4 ana iya buga shi a A3 ko A1 ba abin da zai karkace. Hotuna ne kawai za su tona maka asiri in ƙanana ka sa, a kwamfuta su yi kyau a fosta su farfashe. Ka sa girman gaskiya tun farko ka yi zum zuwa 100 ka dubi kowane hoto, yadda ka gan shi haka zai fito.

Nura: Kuma a tambayi masu taron tukuna a tsaye suke so ko a kwance, allon da za a manna shi ne ke yanke hukunci.

Zainab: Hauwa'u ya ake ciki, kin yi shiru.

Hauwa'u: Ina nan Anti, jera su nake. Masu rubutu zalla ba matsala, na ƙara girman rubutun sun ma fi kyau a tsaye. Waɗanda suka dame ni masu hoto a hagu rubutu a dama, a tsaye kowanne ya zama siriri, kalma biyu a layi.

Zainab: Kar ki bar su gefe da gefe. Hoto a sama ya cika faɗin, rubutu a ƙasansa. Duk abin da yake jere hagu zuwa dama a da, yanzu sama zuwa ƙasa zai koma, har kibiyoyin da ke nuna mataki bayan mataki ki juya su su kalli ƙasa. Wanda zai ba ki wuya shi ne jadawali mai ginshiƙai da yawa da kuma zanen ƙididdiga mai sanduna a tsaye, shi wannan ki danna shi ki je Change Chart Type ki mayar da shi Bar, sandunan su kwanta, sunayen sai su samu wuri a hagu ba sai sun karkace ba.

Zainab: Kuma ki tura wa kanki shafi biyu a waya ki gani kafin ki yi nisa. A4 in ya shiga waya ƙanƙancewa yake sosai, rubutun da kike gani ƙato a kwamfuta a can sai an ƙura ido. Ni ba na sauka ƙasa da 18 in na san a waya za a karanta.

Bashir: Wata hanyar kuma in silaid ɗin suna da yawa kuma sun hargitse sosai, ki buɗe sabon fayil fari, ki sa masa girman tun yana wofi, ki gyara Slide Master ɗinsa, sannan ki riƙa kwaso rubutu da hotuna daga tsohon kina zubawa. Wani lokaci ya fi sauri a kan gyaran abin da ya riga ya matse.

Auwal: Ko ki zuba a Word.

Zainab: Auwal dan girman Allah 😂

Maryam: Na samu kwamfuta na yi, ya tsaya. Wata tambayar, in ina so in mayar da shi bidiyo na sa a status fa?

Nura: Wannan PowerPoint ya fi dacewa, Google Slides ba ya fitar da bidiyo kai tsaye, amma kina iya sauke shi a matsayin fayil ɗin PowerPoint ki ƙarasa a can. Girman bidiyon tsaye 1080 a faɗi 1920 a tsayi ne, a akwatin Width ki rubuta 1080px a Height 1920px, zai mayar da su inci 11.25 da 20 da kansa. Kin gama ki je File, Export, Create a Video, ki sa daƙiƙa nawa kowane silaid zai yi, zai ba ki MP4. Ki bar fili a can sama da can ƙasa kada ki sa rubutu, wurin ne sunan mutum da akwatin amsa suke rufewa. In hotuna kawai kike so, Save As ki zaɓi PNG, zai tambaye ki duka ko wanda kike kai.

Malam Sani: Hauwa'u in kin gama kar ki tura musu fayil ɗin PowerPoint ɗin kansa, PDF za ki fitar. Wayar wani ba ta da irin rubutun da kika zaɓa, sai ta musanya da wani layuka su zame, wani lokaci ɗ da ƙ su koma akwati. PDF yana tafiya da rubutunsa.

Hauwa'u: To Malam, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Waɗanda za su buga fa, akwai abin da zan gaya musu?

Nura: Daga PDF ɗin su buga, su zaɓi Fit a wajen girman shafi. In daga PowerPoint ne kuma Full Page Slides, a sa alama a Scale to Fit Paper. Za su ga ɗan farin layi ya zagaye gefen takardar in bangonki mai launi ne, ba laifin fayil ɗin ba ne, yawancin firintoci ba sa kai tawada har baki. In ba ki son ganin haka ki bar bangon fari, tawadarsu ma ta huta.

Ibrahim: Nura jadawalin nan na raba shi uku amma layin kanun sai na sake rubutawa a kowanne?

Nura: A'a, ka yi Duplicate Slide sau biyu, a kowanne ka goge layukan da ba nasa ba ka bar kanun.